Matar da Ke Auna Kogi da Dahuwar Wake

Sati shida ke nan da faruwar abin, amma har yanzu in babbar mota ta bi ta bayan gidanmu ƙasa ta ɗauki gurnani, sai in tsaya cak ina kasa kunne. Ummata ce ta ce in rubuta, wai abin da ya sauka a takarda yakan rage nauyi a ƙirji. Na gwada rubuta labarin kaina, ya ƙi. Duk ta inda na faro sai ya karkata ya koma kan Inna Mai Usur. Don haka na bar mata shi.

Gundumarmu ta manoma ce. In ka buɗe tafin hannunka ka ɗan karkata shi, to ka gan ta. Can sama akwai duwatsu uku, na tsakiyan kamar tukunyar da aka kife. Daga bayansu kogi ke fitowa, ya ratsa gundumar ya raba ta biyu kamar zanen tafin hannu. Yamma da shi tudu ne mai jar ƙasa, na masara da gyaɗa. Gabas da shi fadama ce baƙa ƙirin, ta shinkafa da albasa da rake. A can ƙasa kogin ke zubewa cikin tafki, inda fararen tsuntsaye ke sauka bayan girbi har ka rasa ina ruwa ina fuka-fuki. Abin da muke nuna wa baƙo bai wuce huɗu ba: tafkin, da wata tsohuwar kuka mai kogo wadda mutum goma kan shige cikinta su tsaya, da idon ruwan da bai taɓa ƙafewa ba, sai magangarar ruwa a gindin dutsen gabas, wadda ita ce sarauniyarsu.

Na karanta labarin ƙasa a jami'a, na dawo na shekara biyu a gida ina jan takardu daga wannan ofis zuwa wancan. Da aka ɗauke ni a ofishin gunduma, na gwaji ne, wata shida. Aikin da aka ba ni shi ne in zana taswirar da za a riƙa ba masu yawon buɗe ido. Shugaban sashenmu, wanda kowa ke ce wa Yallaɓai, so yake baƙo ya ga wuraren huɗu a wuni ɗaya. Matsalar ita ce gada ɗaya tak ce a kan kogin, can kusa da tafki. In ka baro kuka za ka magangara ta kan kwalta, sai ka yi zagayen kilomita arba'in da wani abu.

Wata rana ina duba hoton tauraron ɗan'adam a kwamfuta, sai na ga wata farar hanya siririya ta gangara kogin, ta haye rairayi, ta ɓulla tsallake. Kilomita tara kacal. Na ja jan layi a kanta, zuciyata fes. A kusurwar hoton an rubuta watan da aka ɗauke shi, tsakiyar rani. Na gani. Ba zan ce ban gani ba.

Na hau babur na je in duba mashigin da idona. A bakin gangaren na tarar da rumfar kwano, da benci ɗaya, da murhu na duwatsu uku, da baƙar tukunya a kife a gefe. Wata tsohuwa doguwa, siririya kamar kara, tana zaune a kan 'yar kujera tana ɓare gyaɗa. A wuyanta akwai usur na ƙarfe da aka ɗaure da zare. A jikin bishiyar da ke gefen hanya an naɗe igiya mai kauri, bakinta ɗaure da guntun katako. A tsakiyar rairayin kuma wani turken ƙarfe ne tsaye, ya fi mutum biyu tsawo, an rubuta lambobi a jikinsa da baƙin fenti.

Na gaishe ta. Ta dube ni daga hula har takalmi.

"Wannan angon daga ina? Takalmi na sheƙi haka, ko neman aurena ka zo?"

"Daga ofis nake, Inna. Taswira nake zanawa."

"To, mai taswira, zauna. Benci ba ya cizo."

Na shimfiɗa mata takardar a kan bencin ina nuna mata da alfahari: ga tafki, ga kuka, ga magangara. Ta bi da yatsa a hankali har ta iso kan jan layin. Nan yatsan ya tsaya.

"Wannan jinin na mene ne?"

"Hanya ce, Inna. Wannan da ke gabanmu."

"Wa zai bi?"

"Baƙi. Masu zuwa kallo."

Ta ajiye gyaɗar. "Goge shi."

Na yi dariya, na ce ai ga mutane can suna wucewa da babura da amalanke, lafiya lau.

"Waɗancan sun san ni," ta ce. "In suka ga igiya a ɗaure ko hakimi ne tsayawa yake. Baƙinka fa? Takarda suka sani. Takarda kuwa ba ta ɗaga kai ta dubi dutse."

Na tambaye ta nisan duwatsun daga nan in an bi kogi, don in nuna mata ruwa ba zai zo ba zato ba tsammani ba. Ta ce, "Dahuwar wake ne."

Na ɗauka zolaya ce. Ashe ba ita ba ce. A ranar ta ba ni labarinta, ba a jere ba, tana yi tana sallamar masu sayen gyaɗa da lemo. Sauran na tsinta daga baya.

A bayan dutsen tsakiya aka haife ta. Aure ya gangaro da ita bakin kogi. Mijinta ma'aikacin ofishin ruwa ne, aikinsa ya karanta turken nan safe da yamma ya rubuta a littafi, ƙarshen wata ya hau keke ya kai. Mutum ne mai tsanaki, in ji ta, wanda ko lamba ɗaya ta koɗe ba ya iya barci. Shekara ashirin da biyu da suka wuce, a farkon damina, wata rana mai rana tangararas, ya ɗauki gwangwanin fenti ya sauka ya sabunta lambobin. Ita tana gida a kan tudun, ta wanke wake za ta ɗora. Tana ɗorawa ta ɗaga kai ta hangi hadari baƙi ya zauna a kan dutsen tsakiya. Abin da ya zo mata a rai shi ne ɗakin mahaifiyarta da ke yoyo. Ta ci gaba da aikinta. A nan ko ɗigo bai sauka ba.

Ta buɗe tukunya, ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta matsa, ta ji ta nuna. Daidai lokacin ta ji gurnanin.

Bayan kwana biyu aka same shi a bakin tafki. Usur ɗinsa na wuyansa.

"Mutane suka yi ta ba ni haƙuri," ta ce. "Ni kuwa abu ɗaya ke yawo a kaina. Na ɗora, hadari na kan dutse. Na sauke, ruwa ya iso. Da na sani, ai ƙafa goma ce tsakanina da bakin gangare."

Damina ta gaba, duk ranar da ta hangi hadari a kan dutsen tsakiya sai ta ɗora wake ta zauna tana jira. Damina uku tana wannan gwajin ba ta faɗa wa kowa ba, don kada a ce baƙin ciki ya taɓa mata kai. Ta gane tsohon wake na bara, a tukunya ɗaya, da itace uku, ba kanwa, shi ne daidai da tafiyar ruwan a farkon damina, lokacin da rairayi ke da ƙishi yana shanye na gaba. In damina ta yi nisa ƙasa ta ƙoshi, ruwa ya fi gudu, sai ta jiƙa waken tun da safe don ya riga shi. Ba ta jira ya nuna. Da zarar ƙwaya ta fara ba da kai tsakanin yatsu, sai ta ja igiya ta tare hanya, ta busa usur wa masu wanki da masu ɗiban yashi.

Ofishin ruwa ya turo wani sau biyu, daga nan ba a ƙara turo kowa ba. Ita ta ɗauki littafin mijin ta ci gaba. Ba ta yi boko ba. Da farko kwaikwayon surar lambar take yi, kamar mai zanen ƙwarya, har 'yarta ta koya mata ƙirga da karanta agogo. 'Yar yanzu ma'aikaciyar jinya ce a birni, ta yi juyin duniya uwar ta koma wurinta, ta ƙi. Da waya ta zo, aikin ya ƙara sauƙi: ƙanwarta da ke aure a bayan dutse takan kira ta ce, "Yaya, an fara mana." Ko da haka, agogo bai kori tukunya ba.

"Agogo yakan mutu," ta ce. "Kuma in ka tare mutum awa uku, me za ka ba shi ya ci? Agogo?"

Da zan tafi ta sake cewa, "Angona, goge jinin nan. Shekara ashirin da biyu ban ba kogin nan kowa ba. Kada ka kawo masa mutane da takarda."

Na ce to. Kuma wallahi a kan babur da niyyar gogewa na taho. Amma da na shiga ofis na tarar Yallaɓai tsaye a kan taswirar yana nuna wa mutane jan layin. "Kun gani? Amfanin ɗaukar mai ilimi ke nan. Shekara nawa muna zagaye, ya zo ya yanke mana shi a sati biyu." Ya dafa kafaɗata. Tun da na gama makaranta ba wanda ya yaba mini a kan komai. Na tuna shekara biyun da na yi ina kallon silin. Na ce a raina, in ce masa me? Wata tsohuwa ta ce wake ya hana? Na haɗiye maganar. Na ƙara da ƙananan haruffa a ƙasan takardar, "A kula lokacin damina," na lallashi zuciyata da cewa na fita haƙƙi.

Aka buga kwafi ɗari biyu na gwaji. Aka shirya zagayen farko da malaman firamare goma sha shida, don su gani, in ya yi musu su riƙa kawo ɗalibansu. Ni ne jagora. Direban bas ɗin ofis, wanda ake kira Gaggawa don ko gaisuwa a guje yake yi, shi ya ja mu. Yallaɓai ya wuce magangara tun da safe ta kan gada, shi da manyan baƙi da mai ɗaukar hoto, zai tarbe mu ƙarfe biyu.

Damina ta fara da sati uku. Safiyar ta yi kyau. A tafki malamai suka yi ta ɗaukar hoto. A kuka suka dage sai sun shige su goma sha biyu don su karya tarihi, wani hedimasta mai tumbi ya maƙale a ƙofa, aka yi ta dariya har da hawaye. A idon ruwa kowa ya cika gora. Muka makara. Ƙarfe ɗaya da rabi ta wuce muka iso mashigi. Sama shuɗiya tas, rana na dukan kwano. A cikin kogin, ban da wani siririn ruwa da bai kai idon sawu ba, rairayi ne fari.

Igiya na ɗaure daga bishiya zuwa bishiya. Hayaƙi na tashi daga murhu. Masu babura uku sun jingine a inuwa suna hira.

Gaggawa ya danna hon. Inna ba ta ko waiwayo ba. Ya sauko.

"Inna, a kwance mana igiya, da manyan mutane a mota."

"Manya ba sa jiƙewa ne?"

"Dubi sama fa, tsohuwa. Ko tsuntsu bai yi fitsari ba."

"Saman kanka kake dubawa, Gaggawa. Ruwan da ke cin mutum ba a kansa yake sauka ba." Ta nuna arewa da leɓe. Can nesa, kan dutsen tsakiya, akwai wani toka-toka da ya fara washewa. Ta buɗe tukunya, ta ɗebo ƙwaya da ludayi, ta hura, ta matsa tsakanin yatsu. Ƙwayar ta baje, sai ɗan tauri a tsakiya. "Ka gani? Ba mai shiga."

Gaggawa ya juya wajen malamai ya buɗe hannu. "Jama'a kun ji. Wake ne ya rufe hanya. Gobe kuma albasa ce za ta ba da hannu."

Aka kwashe da dariya. Ɗaya daga masu baburan ya ce, "Direba, ka bi a hankali, mu nan ba ma yi wa tukunyar nan dariya." Ba wanda ya saurare shi.

Wayata ta yi ƙara. Yallaɓai ne. "Kuna ina? Baƙi sun gaji da tsayuwa." Na ce muna mashigi. "To me kuke jira? Minti goma sha biyar ne a taswirarka, ko ba haka ka rubuta ba?" Ya kashe.

Malamai goma sha shida na kallona ta taga, kowa da takardata a hannu. Na matsa kusa da Inna na rage murya.

"Inna, don Allah. Minti uku ne mu haye. Aikina ne a kai."

"Minti uku in ƙafa ba ta nutse ba. Wannan motar da lodin nan, yashi zai riƙe ta a tsakiya. Angona, in aiki ya tafi ana samun wani."

Ban san abin da ya hau kaina ba. Tsoron mutum ɗaya da ke tsallake ya rufe mini ido daga komai. Na ce bari in taka in nuna musu ƙasa na da ƙarfi. Na sunkuya na bi ta ƙarƙashin igiya, jakar sauran taswirorin na rataye a kafaɗata, na gangara.

"Kai! Mai taswira! Dawo nan!"

Ban juya ba. Na taka rairayi, na tsallake siririn ruwan, na isa gindin turke. Na juyo na ɗaga hannu ina yi wa Gaggawa alama ya taho. Na ji ya tayar da mota. Sai na ga Inna ta ɗauko kujerarta ta dasa a tsakiyar hanya, gaban motar, ta zauna.

Abin da na fara ji iska ce mai sanyi a bayan wuyana, tana bin kwarin kogin. Sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, a wurin da ba a yi ruwa ba. Sai usur, wani irin busa mai tsawo da ba ya yankewa. A ƙarƙashin usur ɗin kuma, gurnani, kamar manyan motoci goma a jere.

Na dubi arewa. A kwanar kogin wani abu mai launin ƙasa na tahowa a kan rairayi, da kumfa da karan masara da rassa a bakinsa. Bai yi kama da ruwa ba. Kamar ƙasa ce ta tashi tana tafiya.

"Yar da jakar! Gudu! Nan, nan, wajena!"

Na tsaya ina kallon ruwan. Sai da ta sake kurma ihu na zabura. Ban yar da jakar ba, ban ma tuna da ita ba. Saura kamar taku goma in kai gangare ruwan ya doke ni a ƙwauri, ya hau gwiwa, ya share ƙafafuna. Na sha laka. Na ɗago na ga sama, na sake nutsewa. Wani abu ya bugi kafaɗata, na cafke shi da hannu biyu. Guntun katakon nan ne na bakin igiya. Ashe amfaninsa ke nan. Daga baya masu babura suka ce mini kafin su miƙe tsaye ta riga ta kwance igiyar, ta jefo mini, jifa ɗaya. Su da Gaggawa da hedimasta mai tumbi suka ja ni kamar buhu, har kan tudu.

Ina kwance ina aman ruwa, takalmi ɗaya babu, jaka babu, na ga kogin ya cika daga gaɓa zuwa gaɓa. Wata bishiya sukutum da saiwoyinta ta zo ta bugi turken ta wuce. Inda na tsaya ina ɗaga hannu, ruwa ya fi ƙarfin rufin bas. Wata malama ta zauna a ƙasa tana salati tana kuka. Gaggawa ya cire hula ya riƙe a hannu, ya ma manta motar na kunne.

Na jira faɗa. Inna ba ta yi ba. Ta shiga rumfa ta ɗauko littafi da biro, ta tsaya bakin gangare ta ƙanƙance ido ta karanta turken, ta dubi agogon wayarta, ta rubuta. Ta rufe littafin, ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Saura ƙiris ka ɓata mini shekara ashirin da biyu."

Sannan ta sauke tukunya, ta zuba mai da gishiri, ta raba a faranti huɗu da murfin tukunya. "Ku ci, ya nuna. Gaggawa, matso, ko kana jiran albasar ta ba ka hannu?"

Ya tsuguna a gabanta. "Inna, ki yafe mini. Bakina ne ba birki."

"Motarka dai ta samu birkin, ya isa."

Washegari na shiga ofishin Yallaɓai da takardar ajiye aiki a aljihu. Na faɗa masa komai: kwanan watan da ke kusurwar hoto, gargaɗin Inna, da shirun da na yi ranar da ya yaba mini. Ya daɗe yana kallon jan layin a taswirar da ke kan teburinsa. Hedimasta ya riga ya kira shi.

"Ni ma na kira ka ina azalzala," ya ce. "A nan aka haife ni, na san kogin nan, amma na ga layi a takarda na manta." Ya tura mini taswirar. "Ajiye aiki sauƙi ne. Wanda ya ɓata shi zai gyara. Koma wurin tsohuwar nan, duk abin da ta ce ka rubuta."

Sai da na yi sati kafin na iya komawa. Ta gan ni daga nesa ta ce, "Lale da angon kogi. Kishin me zan yi, ai amaryar ta dawo mini da kai." Na ce zuwa na yi in koya. Ta kai ni gidanta a kan tudu, ɗaki biyu da rumbu. Ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Littattafai ne cike, na ɗalibai masu bango shuɗi, an ɗaure kowace shekara da zare. Na sama-sama rubutunta ne. Na can ƙasa rubutun mijin ne, a tsaye kamar sojoji. A tsakani akwai na shekarun farko, lambobi karkatattu, wasu a juye, ta zana su ba ta san sunansu ba. A gefen wasu ranakun ta yi ɗan da'ira. Na tambaya. Ta ce, "Ranar wake."

Sati huɗu ina zuwa ina kwafe su cikin kwamfuta. A shekarun da ta riƙa rubuta lokacin ɗorawa da lokacin isowar ruwa, na lissafa. A farkon damina, awa biyu da 'yan mintuna. In ƙasa ta ƙoshi, awa ɗaya da rabi ko sama kaɗan. Na kawo mata sakamakon ina zumuɗi. Ta saurara, ta ce, "Wato shekara huɗu ka yi a jami'a don ka gano wake na dahuwa?"

Sabuwar taswirar ta fito ranar Litinin. Jan layi ya koma kan kwalta, ta gada, kuma zagayen ya zama na wuni ɗaya da rabi. Masu ɗakunan haya kusa da tafki sun fi kowa murna. Hanyar mashigi ɗige-ɗige ce yanzu, da manyan haruffa a kai: TA RANI CE KAWAI. KO DA RANI, IN KA GA IGIYA KA TSAYA. A wurin na zana ƙaramin usur. Yallaɓai ya haɗa lambobin akwatin da takardar neman gada, kuma makon jiya wasu injiniyoyi biyu sun zo sun auna gaɓa. Ba su yi alkawari ba. Amma babban cikinsu ya zauna a benci yana juya littattafan har la'asar, ya ce bai taɓa ganin ƙaramin kogi mai cikakken tarihi haka ba.

Na tambaye ta, in aka yi gada fa, me za ta yi?

"In huta mana. In je birni in dami 'yata. Kana tsammanin son wake nake? Shekara ashirin da biyu, ko ƙamshinsa ba na so."

Jiya na kai mata kwafinta. Ta bi ɗige-ɗigen da yatsa har kan usur ɗin, ta daɗe a nan. Sannan ta ninke takardar ta sa cikin littafin bana. Ruwa ya janye, ya koma ƙasa-ƙasa, laka ta rufe lambobin gindin turke, ba a ganinsu daga gangare.

"Idona ba ya kaiwa," ta ce. Ta miƙo mini tsumma. "Sauka ka goge, ka karanto mini."

Na dubi rairayin. Tun ranar nan ban taka shi ba.

"Inna..."

"Dubi dutse."

Na duba. Duka ukun tas, ba ko ɗigon gajimare.

"Dubi murhu."

Toka ce sanyi, tukunya a kife.

"To me ya rage? Kogi ba mugu ba ne, angona, sai dai ba ya son a yi masa shisshigi. Je ka. Ina nan, igiya na hannuna."

Na cire takalmi na gangara. Na taka rairayin har na isa gindin turke. Na goge lakar, baƙin fenti ya fito. Na ɗaga murya na faɗa mata lambar.

"Ban ji ba! Ko abinci ba ka ci ba ne?"

Na sake faɗa da ƙarfi, har masu wanki suka ɗago suna dariya. Daga gindin turken na hango ta ta sunkuyar da kai tana rubutawa.